Rabon Taki Irin na Alhaji Ɗanliti

Hajiya Safara'u ce ta fara kawo maganar. Ta ce za ta faɗa wa Almu a asirce, amma sai da masu awon hatsi na ƙarshen layi suka ji, don Allah bai hore mata muryar raɗa ba. Ita ce shugabar mata ta jam'iyyarsu a Ƙetare. Ta tare shi a bakin rumfar mai gyaran keke, ta gyara mayafi ta ce, "Almu, abokinka an saye shi."

"Wane abokin, Hajiya?"

"Kana da wani ciyaman ne bayan Mani?"

Shekarun nan ne da arzikin man fetur ya fara tsiyayowa har ƙauye. Samari sun yi babura, rufin kwano na ƙyalli a inda da ba a san komai ba sai azara da ciyawa. Soja sun sauka, siyasa ta dawo da zafinta, Ƙetare ta rabu biyu. Mutum kan mayar da matarsa gidan iyayenta don kawai surukinsa ya liƙa hoton da bai yi masa ba. Jam'iyyar su Almu ta talakawa ce, ko dai haka suke kiran ta, ɗayar kuwa ta attajirai da masu rawani. Mani shi ne ciyaman ɗinsu na mazaɓa. Shi da Almu tun siyasar farko suke tare, suna samari aka taɓa ɗaure su da igiya ɗaya a kan wannan ra'ayin, kuma har yanzu sawun igiyar na hannun Almu.

Hajiya ta jero hujjojinta tana buga bayan hannu a tafi. Ranar taron Ƙanƙara an ba Mani lasifika, ya yi magana har makogwaronsa ya bushe, bai zagi Alhaji Ɗanliti, jigon ɗayar jam'iyyar, ko sau ɗaya ba. Da matasa suka ɗauko waƙar da suke yi wa uwar Alhajin, Mani ya ɗaga hannu ya tsayar da su. Sannan duk ranar kasuwar 'Yankara sai ya tafi, ba ya kai komai, ba ya dawowa da komai.

"Mi shika zuwa yi garin Alhaji Ɗanliti hannu rabbana?" in ji ta. "Sakatare zai zo daga Ƙanƙara a zauna. Kai za a tambaya, don kai ka hi kowa saninshi. In ka ce shina nan, shina nan. In ka ce ya tashi, mu tuɓe shi ranar."

Alhaji Ɗanliti kuwa ba ƙaramin abokin gaba ba ne. Dillalin auduga ne na 'Yankara da ya zama ɗan majalisa, kuma daga Sabuwa har Faskari shi ne ƙashin bayan waccan jam'iyyar.

Almu ya ce wa Hajiya ta ji tsoron Allah, ya ja kekensa ya tafi. Amma zargi kamar ƙaiƙayin gero yake, in ya shiga riga ko an kakkaɓe sai ya ci jiki. Da yamma da suka zauna cin tuwo a gidan Mani, Almu ya kama kansa yana ƙare wa ɗakin kallo. Rediyon nan dai tsohon ne, ɗaure da roba. Takalmin nan dai na taya ne. Miyar kuka ce ba ko ƙashi a ciki. Maimakon hankalinsa ya kwanta sai ya ƙara tashi, ya ce a ransa ai wanda aka saya da wayo ba ya nunawa. Ya ji kunyar tunanin, amma bai fasa yin sa ba.

Ranar kasuwar 'Yankara ya bari Mani ya hau motar farko, shi ya bi ta bayanta. Ya naɗa rawani har hanci, shi da bai taɓa naɗa rawani ba sai ranar aurensa. A kasuwa ya hango Mani ya wuce 'yan shanu, ya wuce 'yan hatsi, ya je ya tsuguna a gindin wata bishiyar bedi, nesa kaɗan da wani fili da mutane suka yi cincirindo. Almu ya samu tarin buhunan barkono ya laɓe a baya.

Takin zamani ake rabawa. Buhunan na jere a ƙasa, kuma ko makaho ya san ba za su ishi rabin mutanen wurin ba. Alhaji Ɗanliti na zaune a kan tabarma, ɗan siririn mutum mai furfura a gemu, ba irin ƙaton da Almu ya ƙera a zuciyarsa ba. Almu ya gyara tsayuwa yana jiran a fara kiran sunayen 'yan jam'iyya, yadda kowa ke yi.

Ba a kira sunan kowa ba. Wata babbar ƙwarya aka ajiye a tsakiya, irin yadda ake yi wajen watanda, in mutane sun haɗu sun yanka sa, an kasa nama, ana son kada wani ya ce an zaɓa wa wani. Kowane manomi ya zo da alamarsa ya jefa: wani tsinke mai ƙulli, wani ƙwallon goruba, wani guntun kasko, wani tsohon maɓalli. Ba a tambayi kowa hoton wa ya liƙa a ƙofar gidansa ba. Har wasu Maguzawa daga ƙauyukan Faskari suka jefa tasu. Daga nan Alhajin ya juya wa ƙwaryar baya, aka je tasha aka kamo wani fasinja da motarsu ta tsaya shan ruwa a hanyar Sabuwa, aka roƙe shi ya riƙa ɗebo alama yana ɗora wa buhu. Wanda alamarsa ta hau buhu ya ɗauka. Da buhunan suka ƙare aka kife ƙwaryar.

Wani mutum mai kama da Alhajin sak, wanda Almu ya ji ana cewa ƙanensa ne, ya tashi hannu wofi yana huci. Wani kuma da bai samu ba ya tsaya gaban Alhajin ya yi masa wankin babban bargo, har da ambaton iyaye. Alhajin bai ɗaga murya ba. Ya matsa masa gefen tabarma ya ce ya zauna ya huce, rana ta yi zafi.

A nan barkono ya gama aikinsa, Almu ya saki atishawa wadda ta tashi tantabarun rumfa.

"Almu," in ji Mani, ko waiwayowa bai yi ba, "hito daga bayan barkonon nan tun bai kashe ka ba. Tun tasha na ga rawanin."

Almu ya fito idanu jajur, ya tsuguna kusa da shi. Kunya ta sa shi faɗa. "Abin da kake zuwa yi ke nan? Kallon maƙiyinmu?"

"Shi nike zuwa yi."

"To ka hiddo ni duhu. Kana tare da mu ko ka tashi?"

Mani ya ce, "Ƙuri'ata ba za ya gan ta ba har in koma ga Allah. Abin da jam'iyyarsu ke so da ƙasar nan ba shi nike so ba, kuma gobe in an ba ni lasifika zan ce haka. Amma mutumin nan ya iya zama da mutane, Almu. Bara da aka kawo mana taki, wa ya samu? Ni da kai da dangin Hajiya. Mu ne kau na talaka. Na duba cikin manyanmu in ga wanda zan koyi shugabanci gare shi, duk sun iya magana, amma ban ga wanda ya iya rabo ba. Shi ya iya rabo, kuma bai kunyata mutum gaban jama'a. Haka nike son in zama."

"Fasinjan da aka kamo, ka tabbata ba yaronshi ba ne?"

"Na yi wannan zargin, shi ya sa nike ta dawowa. Wani zuwan Bahillata mai nono aka tsayar, wani zuwan direba. Ban kama shi ba."

"Kun taɓa magana?"

"Ko sunana bai sani ba."

A mota suna dawowa Almu ya ji zuciyarsa ta yi sanyi, har ya saya musu rake. Ya yarda da Mani, ko dai ya yarda da shi har suka wuce rabin hanya. Daga nan wani tunani ya lallaɓo ya zauna kusa da shi: ai Mani ya ce tun tasha ya ga rawanin. Mutumin da ya san ana bin sa, me zai hana ya tsuguna nesa ranar? Almu ya tofar da ɓawon rake ya yi a'uziyya.

Ana gab da saukar ruwan farko takin jam'iyyarsu ya iso Ƙetare a bayan tirela. Mani ya sa aka yi shela cewa duk manomin mazaɓar ya zo da alamarsa, kowane hoto ya liƙa. Hajiya Safara'u ta aiko masa da saƙo, wasu dattawa suka same shi har gona, ya ce ya ji, ya kuma yi abin da ya yi niyya. Ya ajiye ƙwarya a ƙofar ofishin jam'iyya, ya juya baya, aka kamo wani mai tallan turare ɗan hanya.

Ƙwarya ba ta san ɗan jam'iyya ba. Buhu ya faɗa wa ladanin masallacin waɗancan, wanda ya taɓa cewa ba zai bi Mani sallah ba. Buhu ya faɗa wa Ɗanasabe, wani Bamaguje na bayan gari da bai taɓa jefa ƙuri'a ba, ya ɗauka yana waige-waige kamar za a ce ya ajiye. 'Ya'yan Hajiya babu wanda ya samu. Almu ya jefa ƙwallon magarya, yana kallo aka kife ƙwaryar da shi a ciki. Gonarsa ta jigawa ce, in ba taki ba ta ba da komai, kuma duk wanda ke wurin ya san haka, har Mani.

"Mu muka sha duka, mu muka sha rana," in ji Hajiya, tana tsaye a tsakiyar fili, "yau an ɗauki haƙƙinmu an ba waɗanda suka jehe mu! Wannan rabon na wa ne? Ku tambaye shi inda ya koyo shi!"

Labari ya kai 'Yankara kafin tirelar ta koma. Ana jibi sakatare zai zo, da hantsi, kasuwar Ƙetare ta cika, sai ga farar mota ta tsaya a bakin ofishin jam'iyyar su Mani, wurin da ba motar waɗancan da ta taɓa tsayawa. Alhaji Ɗanliti ya fito. Almu na rumfar mai gyaran keke, komai a idonsa aka yi.

Alhajin ya tambayi wane ne Mani, aka nuna masa. Ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce ya ji abin da ya yi, Allah ya yi masa albarka, ƙasar nan da tana da irinsa da yawa da ta gyaru. Sannan a gaban kowa ya cire babbar rigarsa, farar shadda mai aiki har ciki, ya saƙala wa Mani a wuya.

A ƙasar nan ba yaron da bai san ma'anar babban mutum ya tuɓe rigar jikinsa ya sa maka ba. Ka zama nasa ke nan, a inuwarsa kake. In kuma ka cire ka mayar masa a gaban mutane, ka yi masa cin fuskar da har jikoki za su riƙa tunawa. Mani ya tsaya hannuwa a sake, rigar ta yi masa yawa, gefenta na jan ƙasa. Almu ya zuba masa ido. A zuci yana ta cewa cire, Mani, cire ka jefar. Amma mutumin da ya ɗauki damina da rani yana koyon kada ya kunyata kowa a gaban jama'a, ba zai fara da malaminsa ba. Mani ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gode, Alhaji."

Nan take wani maroƙi ya diro daga bayan motar yana kirari, yana cewa Mani na Alhaji, Ƙetare ta dawo gida. Almu ya lura kirarin a shirye yake, ba ƙagen nan take ba ne, har da sunan uban Mani a ciki. Ya lura kuma da Alhajin zai shiga mota akwai wata rigar a ninke a kujerar baya. Mutum ba ya fitowa da rigar canji sai in ya san zai tuɓe ta jikinsa.

Da la'asar ranar zaman ofishin ya cika har waje. Sakataren da aka turo daga Ƙanƙara ya zauna a kan kujera, Mani na ƙasa a gabansa cikin tsohuwar rigarsa. Ya ce bai tashi ba, bai karɓi komai ba sai rigar da kowa ya gani, kuma tana nan a ninke bai sa ba. Aka yi masa ihu. Sakatare ya ɗaga hannu ya ce a kira Almu.

"An ce kai ka bi shi 'Yankara. Ka gan shi can?"

"Na gan shi."

"Wajen Alhaji Ɗanliti?"

"Nesa da shi ya zauna."

"Ba nisa muka tambaye ka ba, Malam Almu. Kai ne amininshi. Mutumin nan namu ne ko an saye shi?"

Almu ya san amsar. Ya ga gindin bedin, ya ga rigar canjin a bayan mota, ya san wanda aka yi wa tarko. Kalma ɗaya ake nema a bakinsa, kuma da ya faɗe ta da ƙarfi da ɗakin ya lafa, don ba wanda ya taɓa kama shi da ƙarya. Amma sai tunanin nan na mota ya dawo, wai ai ya san ana bin sa. Ya tuna jigawarsa da za ta kwana ba taki. Ban da wannan kuma, tun da safe ya ji ana raɗe-raɗin cewa in aka tuɓe Mani ba wanda ya cancanci kujerar sai shi, kuma maganar ta yi masa daɗi. Mani na kallonsa hankali kwance, irin kallon wanda ya san shaidarsa ta iso.

"Na gan shi 'Yankara," in ji Almu, idonsa a ƙasa. "Abin da ke tsakaninsu kau, Allah shi ne masani."

Ba a ƙara tambayar kowa komai ba. Kafin magariba an tuɓe Mani, an kore shi daga jam'iyya, an ɗaga hannun Almu a matsayin sabon ciyaman. Mani ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya fita, mutane na darewa kamar mai cuta ne zai wuce.

Almu ya zauna jiran abin da zai wanke shi. Kullum yana sa kunne ya ji an ce Mani ya liƙa hoton waɗancan. An ce mutanen Alhaji sun je masa har gida da mota, ya ba su ruwa, ya ce su gaida Alhaji, ra'ayinsa na nan inda yake. An ce sun koma, ya sake ba su ruwa. Tsohon hoton jam'iyyar da ta kore shi na nan a ƙofar gidansa, ruwan sama ya fara cinye shi, Mani ya samo leda ya rufe. Waɗancan suka daina zuwa, nasa kuma ba mai yi masa sallama. Kowace safiya Almu ya wuce ta ƙofar ya ga hoton, sai ya kau da kai.

Da aka yi noman farko ya kasa daurewa. Ya tafi gidan da hantsi, ya kama hanyar shiga ciki kai tsaye yadda ya saba tun suna samari, sai ya tarar da Mani a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Mani ya miƙe tsaye da sauri. Ya ɗauko sabuwar tabarma daga jikin bango, wadda ake ajiye wa baƙi, ya shimfiɗa. Ya leƙa ciki ya ce a kawo ruwa a kwanon sha mai murfi, an yi baƙo. Ya koma can bakin ƙofa ya tsuguna a ƙasa.

"Mani," in ji Almu, "ni ne hwa. Na zo in ce maka..."

"Barka da zuwa, ranka ya daɗe," in ji Mani, fuskarsa a sake, ba fushi ko ɗigo a cikinta. "Ina gajiya? Ya jama'a?"

Almu ya so ya zage shi, ya so Mani ya zage shi, ko ya ɗaga ƙotar nan ya rafka masa. Aka kawo ruwan, Mani ya karɓa, ya buɗe murfin, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Bismillah, Ciyaman," ya ce. "Rana ta yi zahi."